Littafin da Aka Kulle a Akwati

A wani ɗan gida a Tandabawi, unguwar Hausawa kusa da Harami, gab da aikin Hajjin 1965, Saudatu na zuba shayi sai ga mijinta Tijjani, mai ja wa alhazai ɗawafi, ya faɗo fuska a murtuke.

"Yau ma wata ta tare ni a bakin Harami, wai ni ne mijin Malama Saudatu? Ni! Shekara goma ina wannan aiki, sai da sunan matata za a gane ni?"

"Haba Malam, tambayoyin mata ne fa, waɗanda suke kunyar kai wa maza."

Baba Tsoho, mahaifinsa, ya yi tsaki daga kan tabarma. "Mace da fatawa? Ai na gaya maka. Ran da ta fi ka baki a addini, gidan ma nata ne!"

Kishi dai, Allah Ya raba mu da shi. Tijjani ya fizge littafin fiƙihun da mahaifinta ya bar mata, ya kulle a akwati. "Halas, shi ke nan! Kika sake amsa wa wata, ki haɗa kayanki."

Ta sha kuka, don tana son mijinta. Mata suka riƙa sallama, tana ba su haƙuri.

A shekarar ne ƙanwarsa Zali, mai aure a Kano, ta zo Hajji, shi da kansa ya ja mata babban ɗawafi. Saura kwana biyu jirgin ruwansu ya bar Jidda, Zali ta zo da hawaye ta sami Saudatu a madafa, ta raɗa mata magana.

Saudatu ta fito tsakar gida. "Malam, ƙanwarka na da tambaya. Ni an hana ni."

"Zali, mene ne? Faɗi mana!"

Zali ta rufe fuska da mayafi, ta kasa. Baba Tsoho ma ya tambaya, ta ƙara jan mayafin. Can Tijjani ya sunkuyar da kai, ya ce wa matarsa, "Amsa mata."

Ashe ranar ɗawafin tana cikin al'ada, kunyar yayanta ta hana ta faɗa. Da ta tafi haka, da ta koma Kano Hajjinta bai cika ba! Saudatu ta ce tunda ta samu tsarki, ta yi wanka ta sake ɗawafin. Ita ta raka ta Harami.

Da suka dawo, littafin na kan matashin Saudatu. Tijjani ya ce a hankali, "Malama, ki yafe mini." Baba Tsoho ya juya baya yana ta jan carbi.

Ɗana, ilimin matarka ba ya rage maka komai. In ka kulle shi, watakila 'yar'uwarka ka kulle wa ƙofa.