Shaidar Dutsen Niƙa

"Tashi ka tafi, Njidda. Ba zan ba ɓarawon waƙa 'yata ba."

Ni Balaraba, da kunnena na ji Baba ya faɗa, ina laɓe a bayan zana, saura wata ɗaya a ɗaura mana aure. Babana Aƙilu shi ne sarkin makaɗan unguwar Turaki, kuma a wurinsa gara ka sace masa akuya da ka ɗauki baitin wani ka ce naka ne.

"Wallahi Baba, waƙan nan nawa ne..." in ji Njidda. Mai goge ne daga Sunkani, Hausarsa a karkace, zuciyarsa a miƙe. Ina son sa kamar raina.

Garmaho, akwatin Bature mai juya faifan waƙa, shi ya jawo mana. Wani ɗan tireda ya kawo shi Jalingo, ya ɗora faifai, sai ga waƙar da Njidda ya yi mini tana fitowa da muryar Maishanu, wani mawaƙi mai yawon gari-gari da ya taɓa jin ta a kasuwar garin Mutum Biyu. Ya kai ta Ikko aka buga da sunansa. Mutanenmu kuwa, ai akwatin Bature ba ya ƙarya! Njidda ya kai kuka ofishin En'e, akawu ya ce dokar Turawa takarda ta sani, wanda bai rubuta ba ba shi da shaida.

Kwana biyu na yi ina kuka. A na uku haushi ya kama ni, ina niƙa ina rera waƙar, sai na lura da wani abu a kiɗanta.

Da Maishanu ya shigo gari wasan biki, yana ta hura hanci, na durƙusa na roƙi Baba ya tara makaɗa a zaure, a kira Maishanu da Njidda, a zo da garmahon. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya yarda. Da la'asar zaure ya cika. Ni da Ummata muka cicciɓo dutsen niƙanmu muka dire a tsakiyar maza.

Na ce, "Baba, a tambayi Maishanu. Me ya sa kiɗan ke tafiya uku ya tsaya, sannan ya ci gaba?"

Maishanu ya yi dariya, ya ce salon birni ne, 'yan ƙauye ba za su gane ba.

Na zuba dawa, na ce a murza akwatin. Ɗan dutsenmu ya ɓantare a gefe tun ina ƙarama. In na tura shi sau uku dole in tsaya in juya shi, in ba haka ba ya yanke ni. Faifai na juyawa, ina niƙa. Uku, na tsaya, kiɗan ya tsaya. Na juya dutse, kiɗan ya tashi. Haka muka tafi tare, ni da akwatin Bature, har faifan ya ƙare, ko sau ɗaya ba mu saɓa ba.

Njidda ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: wata uku ya yi yana zama a bayan darninmu kowace safiya, yana bin niƙana da gogensa.

"Wata uku a bayan darnina?" in ji Baba. Aka fashe da dariya, ni kuwa na rufe fuska da mayafi.

Makaɗa suka yanke cewa duk inda Maishanu zai rera waƙar, sai ya fara da sunan mai ita, ko kuwa babu wanda zai ƙara yi masa amshi a ƙasar Muri. Ya zare jiki ya fita, ko sallama babu.

Baba ya miƙe, ya saɓa kalangunsa. Shekara talatin bai taɓa yin kiɗa a bayan yaro ba, amma ya zagaya ya tsaya bayan Njidda.

"Na zalunce ka, ɗana. Ja gogenka, ni zan bi ka. Balaraba taka ce."

Njidda ya waigo ya dube ni, hawaye na zuba, ya ce, "Abar ƙaunata, kin ji?"

Na ji. Hannuna duk gari ne, da shi na share nawa hawayen, na rangaɗa wa kaina guɗa a gaban kowa.