Kwalba Shida Zuwa Torino

"Ban gane ba, Mirela... me kike nufi da an riga an ɗauka?"

Doina na tsaye a filin da motocin ƙasarsu ke sauke kaya a Torino ta Italiya, waya a kunne, akwati a gindin ƙafa. Kwana biyu ta yi a hanya daga garinsu Vaslui, ƙafafunta duk sun kumbura.

"Haba Doina, da wane yare zan gaya miki? Ƙanwata suka ba aikin girkin. Ki bi motar da ta kawo ki ki koma gida, ai kin san direban..."

Mirela ta yi wata 'yar dariya, ta kashe wayar.

Wayyo Allah! Doina ta zauna a kan akwatin. Ba aikin ne ya fi ƙona mata rai ba, direban ne. Ga shi can yana miƙa wa mutane ƙunshin da iyayensu suka aiko daga gida, ko kallonta ba ya yi, ita kuwa ta san sarai yana ganinta.

Gavril ke nan. Shekara biyu suna soyayya, mahaifiyarta na ja. "Direban hanya?" in ji ta. "Kowane zango da matarsa!" Doina ba ta taɓa yarda ba. Da kaka ta yi, duk mako sai ta gasa gauta da tattasai ta yi masa zakuska, wata miya mai kauri, kwalba guda, ta rubuta sunansa a murfin, don ya shafa a burodi a hanya. Sati shida tana yi.

Sai ga Mirela, 'yar garinsu, ta zo hutu daga Italiya, ita da ta daɗe tana mutuwar son Gavril. Ta zo da wani hoto, amma ba Doina ta fara nuna wa ba, uwar Doina ta kai wa, kun ji makirci. Kwalbar Doina ce, da rubutun hannunta, a kan teburin wata, ga hannun mace da jan farce riƙe da cokali.

Tun ranar Doina ta toshe lambarsa. Ya zo gida, uwar ta kore shi da tsintsiya. Mirela ta ce ai akwai aiki a Torino, ta zo ta manta da shi. Abin takaicin, motar da ke tashi daga garinsu guda ɗaya ce, tasa. Ta shige can baya tsakanin tsofaffi biyu ta toshe kunnuwa, duk inda aka tsaya ya nufo ta sai ta faɗa bayin mata.

Yanzu filin ya watse, saura su biyu.

"Shiga mota," ya ce.

"Ko mutuwa zan yi a nan..."

"To ki mutu a mota, an fi ɗumi. Saura gida ɗaya zan kai saƙo. Gidan matar da kike zargina da ita."

Ta ɗago da sauri. Ko musu bai yi ba! Ranta ya yi baƙi ƙirin, ta miƙe ta ja akwatinta. Wallahi sai ta ga fuskar nan, ko da shi ne abu na ƙarshe da za ta gani a ƙasar.

Ta ƙofar baya suka shiga wani ƙaramin gidan abinci. Ƙamshin miyar kabeji ya dake ta kamar ta shiga kicin ɗin kakarta. Jan farcen ta fara gani, yana yanka albasa. Ta bi hannun da kallo har sama.

Tsohuwa ce tukuf, gajeruwa, da ɗankwali baƙi da tabarau a kan hanci. Ta haura saba'in ko tantama babu.

"Tanti Profira, ga ta," in ji Gavril.

"Wannan ce?" Tsohuwar ta ƙare mata kallo. "Ji ta 'yar firit! Me ya sa idonta ya yi ja? Kai ne, ɗan banza?"

Doina ta kai kallonta bango. A kan wata kanta da ke bayan tsohuwar, ga kwalabe shida a jere, an wanke su tas, kowace da sunan Gavril.

"Tanti... waɗannan..."

"Naki ne, na sani. Ni ba na ɗaukar mai girki da takarda, 'yata. Takarda ba ta da ɗanɗano. Na ce wa wannan mai dogon wuyan ya kawo min hannunki in ji, shi ne yake kawowa duk Asabar. Wata mai bakin tsiya ta zo nema wa ƙanwarta aiki, na ce akwai wadda nake jira, har ta ɗauki hoton kwalbar wai ta yi mata kyau."

Wani abu mai nauyi da ya yi sati uku a ƙirjin Doina ya sauka lokaci guda. Ta nemi kujera ta rasa, ta zauna a kan buhun dankali. Dariya ta zo mata, kuka ya riga ta fita.

"Ashe babu kowa..." take ta faɗa. "Ashe babu kowa!"

Gavril ya durƙusa a gabanta.

"Daga ke sai motar nan, raina. Motar ma ta fara tsufa."

"To don me ba ka gaya min ba?"

"Ba ke kika ce ba za ki taɓa karɓar aikin da namiji ya roƙar miki ba? Kuma na ji tsoron ta ce a'a, ki ji ciwo. Da na zo yin bayani kuwa, kin ga..." Ya shafa ƙeyarsa. "Mamanki ta iya tsintsiya."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ta riƙe rigar ba ta saki ba.

"Ku dakata min, ba a gama ba!" Tanti Profira ta buga wuƙa a katako. "Hannu kam kina da shi. Amma gishiri, yarinya! Kwalba shida, duk shidan kamar an ɗebo daga teku. Kowa ya sani, in gishiri ya yi yawa, mai girkin soyayya ce ta ɗauke mata hankali. Zan gani ko ya sauka. Ga tukunya, yi min miyar wake."

Doina ta share fuska ta ɗaura ƙyallen girki.  Ta yanka, ta soya, ta juya, zuciyarta wasai har tana 'yar waƙa a ciki. Gavril ya jingina da ƙofa yana kallonta, ita ma tana satar kallonsa.

Tsohuwar ta ɗanɗana. Ta rufe ido. Ta yi tsaki.

"Ubangiji ya cece mu! Ya ma ƙaru! Ba ni lambar uwarki."

"Tanti, don Allah..."

"Ba ni, na ce!"

Tana tsaye ta kira, da muryar da ake ji har titi.

"Ke ce uwar Doina? Profira ce, daga Torino. Ni ce mai jan farcen. E, ni! Saba'in da huɗu, in kin damu da sani. 'Yarki ta samu aiki. Amma ki ji ni da kyau, 'yar'uwa, yaron nan sati shida yana zaune min a kicin yana cin busasshen burodi, miyar na gabansa bai taɓa sa cokali ba, wai kada ta rage ban ji ta sosai ba. Ki aurar da su hankalinta ya dawo, kafin ta kashe min masu ciniki!"

 Can sai muryar uwar ta fito, a sanyaye.

"Ki ce masa... iyayensa su zo bayan Kirsimeti. Tsintsiyar kuma ya yi haƙuri."

Doina ba ta ji ƙarshen ba. Gavril take kallo.

"Ko sau ɗaya ba ka ci ba?"

Ya girgiza kai. "Ƙamshin dai nake sha daga Vaslui har nan."

Ta ɗauko kwano mafi girma ta cika shi dam, ta yanko burodi, ta ja shi ta zaunar.

"Zai mutu da ƙishi a hanya," in ji Tanti Profira.

Ya kai cokalin farko. Idonsa ya kawo ruwa, ya shanye ruwa kofi guda a take. Bai ɗago ba sai da ya suɗe kwanon, sannan ya tura mata shi.

"Ƙara min, amaryata."