Jerin Sunayen Matan Zumunta

Saura kaɗan Wilfred, mai shagon hoto a unguwar Narayi, ya jefi kwamfutarsa da takalmi. Coci na son jerin sunayen hotunan matan zumunta da ya ɗauka, rubutu zalla, kafin gari ya waye, shi kuwa ɗaya bayan ɗaya yake kwafowa daga folda. Ya yi nisa aka ɗauke wuta, aikin ya bi iska. Ya tada janareta yana tsaki.

Sai ya ji warin laka, irin ta bakin kogi.

"Ɗana, kana shan wahala," in ji wata tsohuwa a bayansa. Bai ji motsin ƙofa ba. "Buɗe baƙin shafin da ake ba kwamfuta umarni."

Takaici ya hana shi tambayar ko wace ce. Ta faɗi kalmomi, ya buga, sunayen suka jeru reras.

"Mama, a ina kika koyi wannan?"

Ta dafa kafaɗarsa da hannu jiƙaƙƙe, mai sanyin ƙanƙara. Ya dubi baƙin gilashin kwamfutar. Ga fuskarsa, ga rigarsa tana jiƙewa a kafaɗa, bayansa kuwa bango ne kawai.