Surukin Doña Mirtha

Ranar da ruwan kogin Ozama ya janye daga unguwarmu ta Gualey, tun taɓo bai bushe ba motocin Doña Mirtha suka iso. Kafin a sauke buhu ko ɗaya, sai da aka gama kafa fitilun ɗaukar hoto.

Doña Mirtha, wato Madam Mirtha, ita ce shugabar wata ƙungiyar matan masu kuɗi da ke kiran kansu Zukata Masu Taushi. Ta fito cikin fararen kaya, tana duban layin mutane kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, har idonta ya faɗa kan Mamá Chela, tsohuwa marar haƙora. Jikanta Eliezer, mai shagon aski a bakin layi, shi ke riƙe da ita.

"A kawo min waccan. Yokasta, ɗaga wayar sosai."

Yokasta 'yarta ce tilo, ita ke ɗaukar mata bidiyo. Doña Mirtha ta rungume tsohuwa tana kau da hanci, ta miƙa mata kwalin taliya, sannan ta ce, "Haba Mamá, ɗan yi hawaye mana."

Eliezer ya ce, "Doña, da kin aiko da wuri da mun taho da albasa."

Layi ya kece da dariya. Yokasta ma ta kasa daurewa, wayar ta karkace, bidiyon ya lalace. Da ta ɗago kai suka haɗa ido da Eliezer, kuma babu wanda ya yi saurin janye nasa.

Ba a yi mako ba ta dawo ita kaɗai, da maganin hawan jini, domin ta ji tsohuwar tana cewa nata ya bi ruwa.

"Ina wayar, 'Yar Madam?" in ji Eliezer.

"Tana jaka, Mai Baki. Ko ka fi so in ɗauke ka?"

Mamá Chela ta zuba mata shinkafa da wake, ta cinye tas har da ƙanzo. Daga nan saƙonni suka fara.

"'Yar Madam, yau na kusa yanke kunnen wani saboda tunaninki. Ki ji tausayin bayin Allah."

"Mai Bakina, ka ce ya yi haƙuri. Ni ma na zuba gishiri a kofin Mami. Asabar ina tafe."

Da labari ya kai kunnen Doña Mirtha, sai ta dafe ƙirji.

"Mai aski? Daga Gualey?"

"Mami, ke fa kike cewa su 'yan uwanmu ne."

"'Yan uwa a wurin Allah, yarinya, ba a falona ba!"

Dama tana da wanda ta zaɓa mata, wani lauya mai suna Brito da ke neman kujerar kansila. Shi ma gwanin talakawa ne. In ya ɗauki jariri a gaban 'yan jarida, yana juya baya zai goge hannu da turare. Kullum yana aiko wa Yokasta furanni, amma sai ya fara sa hotonsu a shafinsa na intanet kafin su iso.

Brito ne ya ba da shawarar yadda za a raba su. Aka sa direba ya ɗauki hoton Yokasta da Eliezer suna zaune a ƙofar shago, Doña Mirtha ta sa a shafin ƙungiya, ta rubuta a ƙasa: "'Yata ta gado ni. Ga ta tana ceto wani matashi daga shan ƙwaya."

Eliezer ko sigari bai taɓa sha ba. Amma iyaye mata suka daina kawo masa yara aski, 'yan sanda suka tsayar da shi suka lalube masa aljihu a gaban kakarsa. Ya tura wa Yokasta saƙo ɗaya.

"Ashe ni ma kwalin taliya ne. Na gode, 'Yar Madam. Kada ki sake zuwa."

Ta zo. Ta same shi zaune a kan kujerar da ya kamata a ce mai neman aski ne a kai.

"Na rantse ban san da shi ba, Eliezer."

"Ke ko uwarku, duk ɗaya. Ku kun samu tafi, ni na rasa suna."

Ba ta ƙara rantsuwa ba. Ta ciro waya, ta yi rubutu a ƙarƙashin hoton, ta miƙa masa ya karanta: "Wannan ƙarya ce. Sunansa Eliezer, da sana'arsa yake riƙe da kakarsa, bai taɓa shan komai ba. Ba cetonsa nake yi ba, sonsa nake yi, kuma shi zan aura."

"Za ta kore ki daga gida," ya ce a hankali.

"To Mamá Chela ba ta da tabarma?"

Uwar kuwa ta kore ta. Yokasta ta koma wurin wata ƙawarta da akwati ɗaya.

Sai dai jama'a ba sa karanta abu yadda aka rubuta shi. Kafin a ankara maganar ta zaga gari, ana ta yaba wa Doña Mirtha da ta yi tarbiyyar 'ya marar girman kai. Wani gidan talabijin ya kira yana son hira da "uwar da ta ba talaka 'yarta". Doña Mirtha ta dubi madubi, sannan ta ce a ba ta lokaci ta gyara gashi.

A hirar har da hawaye. "Tun ranar da na fara ganin yaron nan zuciyata ta ce, wannan ɗana ne. Wancan rubutun kuskuren sakatariya ne." Aka sallami sakatariyar, wadda ba ta san hawa ba balle sauka. Brito kuma ya sanar da cewa shi ya janye don kansa, saboda ƙaunar da yake wa talakawa.

A ƙaramin cocin unguwa aka ɗaura auren. Doña Mirtha ta zo da masu hoto, ta zauna a gaba, ba ta ko taɓa farfesun da maƙwabta suka dafa ba. Tana can bakin titi tana bayani a kan tawali'u, sai Eliezer ya ja hannun amaryarsa zuwa bayan gida, inda Mamá Chela ke zaune kusa da tukunya. Suka durƙusa.

"Mamá, sa mana albarka."

Tsohuwa ta dafa kawunansu da hannuwanta masu ƙanshin hayaƙi. "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku lafiya da zuri'a, ya rufa muku asiri. In kun yi faɗa ku yi a ɗaki, in kun shirya ma ku shirya a ɗaki. To ku tashi ku ci abinci, tun safe babu abin da kuka sa a baki."

Suka ce amin, suka zauna a kan benci ɗaya, ta zuba musu a kwano ɗaya.