Gwangwanin Waɗanda Suka Bar Gida

"Ni fa amsa nake so, masoyiyata, ba biskit ba..."

Abin da Malam ya faɗa wa Auta ke nan a ƙofar kicin, ya juya ransa a ɓace. An yi masa canjin wurin koyarwa zuwa gari mai nisa, yana so a ɗaura musu aure kafin hutu ya ƙare su tafi tare. Ita kuwa ta kafe ba za ta bar Mama ba, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara.

Tun fitarsa Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Ta leƙa taga, ta ɗauki waya ta ajiye, ta koma kan kwaɓin fulawa, har zubin farko ya ƙone ƙurmus. Wallahi tana son bawan Allahn nan kamar ranta, amma wa za ta bar wa Mama?

A gidan nan, duk hutun ƙarshen shekara Mama kan cika wa kowane ɗa da ya bar gida gwangwanin biskit mai madara a aika masa. Wanda ke gida ba shi da gwangwani, a faranti yake ci. Auta ta sha mita a kan haka tana yarinya.

Mama na kan kujera tana dangwala yatsan hannunta mai lafiya a tsakiyar kowane biskit. Sai da Auta ta jera gwangwanayen yayyenta, sannan Mama ta ce mata ta duba saman kabad akwai wani. Sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

"Na wa ne, Mama?"

"Naki."

Auta ta dire gwangwanin. "Korata kike yi?"

Mama ta harare ta, ta ce jikinta ne ya shanye, ba kunnenta ba, duk ta ji rigimarsu. Tuni ta gama magana da Yaya Babba, can za ta koma cikin jikokinta.

"Ciwon nan bai hana ni barci, 'yar auta. Ganinki kina ƙarewa a gefen gadona ne yake hana ni."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta, kuka ya ci ƙarfinta. Mama ta shafa kanta da hannun da duk fulawa ce.

"Tashi ki kira shi kafin ya yi nisa... Kuma ki danna biskit ɗin cikin gwangwanin da kyau, ku biyu ne za ku ci."