Shuɗin Hayaki a Hanyar Ajingi

Hajo mutuniyar Balan ce. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya biyar ƙanana da wata tsohuwar tarakta. Ba ta da shanun huɗa, ba ta da babban ɗa. Taraktar nan ce ke ciyar da gidan, domin duk damina direbanta Yusuf yana yi wa mutane huɗa da ita.

Ranar Asabar da safe, washegarin ruwan shuka, Hajo ta faɗo caji ofis na Gaya tana haki.

"Yallaɓai, an sace min tarakta!"

Sufeto Barau ya ajiye kofin shayi. "Tarakta guda, Hajiya? Yaushe?"

"Jiya, lokacin da maza suka tafi Juma'a. Ga ruwa ya sauka. In ban same ta a makon nan ba, bana ba mu da abinci."

Kafin ta rufe baki Sufeto ya ɗauki hula, ya kira kofur ɗinsa, suka hau mota.

A rumfar da ake ajiye taraktar, a bakin gona, suka tarar da mutum biyu. Ɗaya Yusuf direba ne, ɗayan kuma Abdulmumin, ƙanin marigayi, mai shagon cajin waya.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba," in ji Abdulmumin. "Ga ɓarawon taraktar matar Yayana nan a tsaye. Wa ke riƙe da makulli in ba shi ba?"

"Wane makulli?" in ji Yusuf. "Wayoyin wuta biyu ake haɗawa a tayar da ita. Kuma wallahi ko ɗigon mai babu a cikinta. Ranar Alhamis na tsiyaye fetur ɗin kaf, na kai wa Hajiya."

Hajo ta ce, "Haka ne, yana ɗakina."

"Fetur?" Sufeto ya juyo da sauri. "Ba dizal take sha ba?"

"Irin ta dā ce, Yallaɓai. Fetur take sha."

Sufeto ya rubuta. Baƙon ɓarawo da dizal zai zo. Wanda ya zo da fetur kuwa ya san ta ciki da waje.

"Kai fa, Malam Abdulmumin, ka sayi fetur kwanan nan?"

"Ni? Janaretana ya lalace sati biyu ke nan. Ko gidan mai ban leƙa ba."

Ruwa ya shafe sawun taya, sai Sufeto ya bi hanya yana tambaya. A gindin wata tsamiya ya samu Indo mai nono.

"Na gan ta mana!" in ji Indo. "Ta yi wajen Ajingi. Mai tuƙin ya naɗe fuska da rawani. Amma ɗan nan, hayakin! Shuɗi, kamar na tsohon babur, har nonona ya ɗauki wari. Shekara nawa tana wuce ni, ban taɓa ganin ta yi haka ba. Tana tafe tana tari kamar tsohon da ya kwana a sanyi."

"Shuɗi kika ce, Inna?"

"Ina da ido, ai."

Sufeto ya buga tafi. "Kofur, Ajingi! Taka ta!"

Ba su zame ko'ina ba sai garejin Bubayero, tsohon makanikin garin. Da jin tambayar, Bubayero ya yi dariya, ya jawo wani kwano. Fulogi huɗu ne a ciki, baƙi ƙirin, suna naso.

"Jiya da la'asar ɗan gwangwan na bayan kasuwa, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya kawo su in wanke. Ka ga wannan? Ba tsufa ba ne, baƙin mai ne."

"Yi min bayani, Baba."

"Ƙaramin janareta da injin yankan itace, sai an gauraya musu fetur da baƙin mai. Tarakta kuwa nata baƙin man yana wurinsa daban. In ka zuba mata gaurayen kaɗan a kan fetur mai yawa, za ta yi ɗan hayaki ta wuce. Amma wannan zallarsa aka ɗura a busasshen tanki. Masu janareta kuma ba sa aunawa, da ido suke zubawa. Dole fulogi ya toshe."

"Ta tashi bayan ka wanke?"

"Ai ga su nan, bai dawo karɓa ba. Na ji yana cewa tunda ta ƙi tafiya Kano da ƙafarta, yau zai yanka ta ya loda a mota."

Sufeto bai tsaya sallama ba. Da gudu suka ratsa bayan kasuwa, suka banke ƙofar langa-langa. Ga taraktar a tsakiyar fili, ga mai walda ya riga ya kunna wuta.

"Dakata! Kashe wutar nan!"

Ɗan gwangwan ya fito yana rantsuwa. "Yallaɓai, wannan ta shekara a nan."

"Ta shekara, da ɗanyen taɓo a tayarta?"

Mutumin ya dubi tayar. Can ya ce shi bai san sunan wanda ya kawo ta ba, amma in ya gan shi zai gane shi. Sufeto ya sa aka tsiyayi ragowar man tankin a kwalba, ya sa ɗan gwangwan a bayan mota, suka koma Balan.

Abdulmumin yana zaune a ƙofar shagonsa, mutane sun fara taruwa.

"Ka ce janaretanka ya lalace," in ji Sufeto a hankali. "Ranar da ya mutu, akwai ragowar mai a jarka?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Ina yake?"

"Na zubar."

Mutane suka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "A tsadar nan? Kai da ko ashana ba ka yarwa?"

Kofur ya fito da jarkar daga ƙarƙashin benci. Sufeto ya yagi farar takarda, ya ɗiga man kwalba a gefe ɗaya, na gindin jarka a ɗaya gefen, ya ɗaga ta a rana.

"Ku duba da kyau. Fetur zalla bushewa yake, ba ya barin komai."

Fetur ɗin ya bushe. Tabo biyu suka rage, masu maiƙo, launinsu ɗaya.

"Masu janareta suna da yawa," in ji Sufeto. "Amma wanda ya san taraktar nan fetur take sha, kuma yake da gaurayen mai a ajiye ba inda zai kai shi, mutum ɗaya ne. Ka ƙi zuwa gidan mai don kada a gan ka. Man da ka yi tsimi shi ya kashe ta a hanya."

Ɗan gwangwan ya leƙo ta taga. "Shi ne, Yallaɓai!"

Abdulmumin ya zame daga benci ya durƙusa. "Taraktar ta Babanmu ce tun asali. Da aka raba gado ta faɗa wa Yaya, ni kuma abin bai taɓa fita raina ba."

Hajo ta dube shi. "Kai Abdulmumin! 'Ya'yan Yayanka ne fa suke ci da ita."

Kofur ya sa masa ankwa, ya kai shi mota kusa da ɗan gwangwan.

Ranar Lahadi aka jawo taraktar zuwa Balan, Bubayero ya zo ya wanke tanki, ya ɗaura fulogi. Yusuf ya zuba fetur ɗin da Hajo ta ajiye a ɗaki, ya haɗa wayoyi. Taraktar ta yi tari sau biyu, ta fitar da ragowar shuɗin hayaki, sannan ta kama. Kafin azahar ta yi kunya arba'in a gonar Hajo.