Ƙafa Tara

Bas ɗin ta tsaya a gabana, ƙofarta ta buɗe, ni kuma ina tsaye cikin ruwan sama da takalmi ɗaya a hannu.

Dunduniyarsa ce ta ɓalle. Sati shida ke nan da mu baƙaƙen fata muka ƙaurace wa bas a garin Montgomery na Amurka saboda ana tilasta mana zaman baya, sati shida ina taka mil huɗu zuwa unguwar Cloverdale inda nake yi wa wasu fararen fata guga, in sake tako huɗu zuwa gida. Na leƙa ciki. Wayam, daga direba sai wata tsohuwa guda. A bushe, ga ɗumi...

"Za ki shiga ko ba za ki shiga ba, ke yarinya?" in ji direban.

Sai na tuna ranar da wani irinsa ya karɓi kuɗin Mama a ƙofar gaba, ya ce ta sauka ta zaga ta shiga ta baya, kafin ta kai ya ja motarsa ya bar ta a titi.

"Ba na shiga," na ce, haƙorana suna haɗuwa. "Iska nake sha."

Ya ja ƙofa ya wuce, ya watsa mini ruwan kwata a siket.

Ban gama share fuska ba sai ga wata doguwar baƙar mota ta tsaya, mai labule a tagogi. Motar gawa! Gilas ya sauka, wani dogon saurayi mai baƙar kwat ya sakar mini murmushi.

"Shigo mu tafi, 'yar'uwa."

"Yesu! Ban mutu ba tukuna!"

"Na sani. Matattu ba su riƙe takalmi a hannu."

"Kama gabanka, bawan Allah!"

"Sunana Cleophus Tolbert. Coci ce ta roƙi Babana aron mota don kai mutane wurin aiki. Yau babu kowa a baya sai rayayyu."

Aka ɗaga labule daga ciki. 'Yar'uwa Hattie ce ta cocinmu, bakinta cike da burodin masara.

"Arzella Pettway, shigo mana! Ai ta fi bas laushi, kuma babu wanda zai ce ki tashi!"

Na shiga gaba na takure a jikin ƙofa, ban yarda ko rigata ta taɓa kujera sosai ba.

"Ko za ki fi son baya?" ya ce.

"A garin nan na gama zaman baya."

Ya yi dariya har sai da motar ta karkata. Wannan dariyar ce ta cuce ni.

Daga ranar, kullum ƙarfe bakwai motar gawa na tsaye a kwanar layinmu. Wata biyu ina ce masa Mista Tolbert. A na uku na koma Cleo. A na huɗu ya tsaya a gindin wata bishiya ya kashe inji.

"Zumata..."

"Wa ya ba ka izinin kirana haka?"

"Duk wanda na ɗauka a motar nan, ban taɓa fatan ya daɗe a cikinta ba. Sai ke."

"Cleo, wannan ita ce maganar soyayya mafi muni da aka taɓa yi wa mace."

"Amma ta shiga?"

Na sunkuyar da kai.

Ta shiga.

Ranar da na faɗa wa Mama, tana suyar kaza ne. Ta ajiye cokali a hankali. Mamata, Lutie Pettway, mace ce mai faɗin kafaɗa, shekara ashirin tana girki a gidajen mutane, kuma tun da aka fara ƙauracewar ba ta yarda ta shiga motar kowa ba. Cewa take ƙafafunta su ne wa'azinta.

"Wane Tolbert? Mai gidan jana'iza?"

"Ɗansa, Mama."

"Ba da raina ba."

"Mama, mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya..."

"Ubansa ne ya aske wa mahaifinki gashin baki!"

"Mama, shekara tara fa ke nan..."

"Shekara ashirin da biyu ina kallon gashin bakin nan! Aka buɗe akwati a coci, na ga wani ɗan makaranta kwance! Har na ce ba mijina ba ne, a dawo mini da nawa!"

Can gidansu ma ba a yi guɗa ba. Tsoho Tolbert ya ce matar da ke rufe ido in za ta wuce ta ƙofar gidansa ba ta dace da sana'arsu ba. Shi Earline Boykin yake so ɗansa ya aura.

Earline ce babbar mawaƙiyar cocinmu. Murya kamar ta mala'ika, zuciya kamar ta kyanwa. Duk jana'izar da za a yi ita ke rera waƙa, kuma ta daɗe da gano cewa sana'ar Tolbert ce kaɗai ba ta taɓa rashin ciniki.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ta tare mu a ƙofar coci da wani ɗan littafi a hannu.

"Mama Lutie, wallahi ba na son kawo tsegumi..."

"To kawo shi da sauri."

"A motar Cleophus na tsinta. Duba abin da ya rubuta a sama."

A saman shafin an rubuta: Ƙafa. A ƙasa kuwa sunayen matan cocinmu ne jere, kowace da lamba a gabanta. Hattie Means, shida. Lutie Pettway, tara.

"Awon kabari ne," Earline ta ce cikin raɗa. "Ga alama tun kuna da rai ya auna ku."

"Tara?" Mama ta dafe ƙirji. "Kowa ƙafa shida ake haƙa masa! Ni tara zai yi mini don kada in fito?"

Na fizge littafin. Can ƙasa, ga sunana.

Arzella, bakwai.

Da Cleo ya fito na manna masa shi a ƙirji.

"Mene ne wannan?"

Ya dubi littafin, ya dubi matan da suka kewaye mu, fuskarsa ta canza.

"Ba zan iya faɗa a nan ba."

"Faɗi a nan!"

"Na yi wa Fasto alkawari, Arzella. Ki yarda da ni."

"Wata shida kana kallona daga sama har ƙasa, ina cewa so ne, ashe awo kake yi!"

"Haka kika ɗauke ni?"

Ya sa littafin a aljihu ya tafi, bai waiwayo ba.

Na koma tafiyar ƙasa. Sati uku kullum sai motar ta wuce ni, Earline na gaba a kujerata, tana ɗaga mini farin safar hannu. Na yi kuka a kan rigunan fararen fata har ba na bukatar yayyafa musu ruwa kafin guga.

Sai wata ranar Agusta, ana zafi kamar a tukunya. Ni da Mama muna dawowa, ta tsaya ta dafa turken fitila, ta zame ta zauna daɓas a bakin titi. Na cire mata takalmi. Ƙafafun sun kumbura sun yi suntum, tafin takalmin ya huje, ta cusa kwali a ciki. Ban taɓa sani ba.

"Mama! Tun yaushe?"

"Rufe mini baki. Hutawa nake."

Ba ta iya tashi ba. Na ɗaga kai ina neman taimako, sai ga baƙar motar.

Cleo ya fito, ya wuce ni. Ya durƙusa gaban Mama.

"Mama Lutie, bari in kai ki gida."

"Ka zo ɗauka tun ban huce ba?"

"Ko ki shiga da ƙafarki, ko in ɗauke ki."

Ɗaukarta ya yi, tana dukan bayansa da jaka. Ya kwantar da ita a kan gadon baya, ya sa matashi ya ɗaga ƙafafun. Ni da Earline muka zauna gefenta, kowa na kallon labulenta.

Ba mu yi nisa ba muka ji jiniyar babur ɗin ɗan sanda.

A lokacin nan duk direban da aka gani da fasinja sai an nemo masa laifi. Wasu sun kwana a tsare, wasu an ƙwace musu takardar tuƙi. Cleo kuwa an riga an ja masa kunne sau biyu. In aka kama motar, sana'ar gidansu ce ta tsaya.

Mama ta dubi Cleo ta madubi. Ta ja dogon numfashi, ta miƙa hannu ta jawo farin mayafin da ke gefe ta lulluɓe har kai.

"Earline," ta ce daga ƙarƙashi, "in kina da amfani a duniya, yanzu ne."

Kafin ɗan sandan ya buɗe ƙofar baya Earline ta ɗauki waƙar makoki. Wayyo, murya! Ni kuwa kukan sati uku na saki, ba sai na ƙirƙira ba.

"Kai yaro, haya kake yi da motar nan?"

"A'a, yallaɓai. Jana'iza ce. Waɗannan 'ya'yanta ne."

Ɗan sandan ya dubi ƙafafun da suka leƙo daga mayafi.

"Me ya kashe ta?"

"Tafiyar ƙasa, yallaɓai."

"Wayyo Mama!" Earline ta kwantsama ihu. "Baiwar Allah, ta sha duniya! Shekara tamanin cif!"

Daga ƙarƙashin mayafi sai muka ji: "Hmmmm!"

Ɗan sandan ya yi tsalle, kansa ya bugi rufin mota, hularsa ta faɗi.

"Mene ne wancan?"

Cleo ko gezau.

"Zafi ne, yallaɓai. In gawa ta sha rana takan yi gurnani. Wani lokaci har ta tashi zaune. In kana so ka ɗaga mayafin ka duba, amma kada ka matso da fuska sosai."

Bai ɗaga ba. Hular ma Cleo ne ya miƙa masa ta taga.

Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace, gawa ta yaye mayafi.

"Tamanin?! Earline Boykin, ni ce tamanin?! Hamsin da takwas nake, kuma uwarki ta girme ni!"

Dariya ta ci ƙarfin Cleo har sai da ya tsayar da mota. Ni ina yi ina hawaye. Earline ma, da ta ga babu mafita, ta bi sahu.

A ƙofar gidanmu Mama ta riƙe hannun rigar Cleo.

"Kafin in sauka. Tara ɗin nan na mene ne?"

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadon ya buɗe. Takalma ne fal, kowane da suna ɗaure a igiyarsa.

"Coci-cocin arewacin ƙasar nan ne suka aiko wa masu tafiya. Fasto ya ce in lura da ƙafar kowa in muna hanya, in ajiye wa mai bukata a ƙofar gida ba tare da kowa ya sani ba, don kada a kunyata wata a bainar jama'a. Naki ya daɗe bai zo ba, Mama Lutie. Lamba tara mai faɗi wuyar samu gare ta."

Mama ta karɓi takalmin, baƙi mai laushi, ta juya shi ta sake juyawa. Earline ta zame ta ƙofar gefe, ta ce ta tuna ta bar wake a wuta.

"Cleo..." na ce. "Ka yafe mini."

"Sati uku, zumata."

"Na ce ka yafe mini mana!"

"Har gawarwakin sun lura na rame."

"Kai, ka daina!"

"Ku yi mini shiru," in ji Mama, tana zura ƙafa. Ta motsa yatsu a ciki, ta lumshe ido. "Yaro, za ka aure ta. Amma sai ka tsayar da gashin baki, ka rama mini wanda ubanka ya aske."

Shi Tsoho Tolbert da ya ji labarin, cewa ya yi shekara talatin yana sana'a bai taɓa ganin gawa mai hazaƙa irin wannan ba, dangin da ta fito ciki ba na yarwa ba ne.

An sa bikinmu ranar Asabar kafin Kirsimeti. Ana gobe biki, hukuncin babbar kotu ya fara aiki: kowa ya zauna inda ya ga dama a bas. Mama ta ce ba mota ba, ba ƙafa ba, amarya a bas za ta je coci.

Muka tsaya a tasha, ni cikin farar riga, Cleo cikin sabuwar kwat, Earline riƙe da jelar rigata don ita ce ta roƙi ta yi mana waƙa. Bas ta iso. Mama ce ta fara hawa, ta ƙofar gaba. Ta jefa kuɗinta, ta dubi direban ido cikin ido, ta juya ta zauna a kujerar farko.

Babu wanda ya ce ta tashi.

Ta gyara zama. Ta sake gyarawa. Ta ƙwanƙwasa kujerar da yatsa.

"Arzella."

"Na'am, Mama?"

"Wannan ce kujerar gaban?"

"Ita ce, Mama."

"Kai! Tauri gare ta kamar ta baya!" Ta faɗa da ƙarfi har direban ya ji. "Shekara guda muna taka ƙasa a kan wannan katakon?"

Mutanen cikin bas suka fashe da dariya, har da wani tsoho farar fata da ya ɓoye fuska a jarida. Cleo ya matse hannuna. Na juya zan tsokane ta, sai na ga hawaye na bin kuncinta, ta kafa ido a babban gilashin gaba, tana kallon titi yana zuwa mata kai tsaye.

Da muka iso tashar coci na taɓa kafaɗarta.

"Mama, mun zo. Fasto na jira."

Ta share ido da bayan hannu, ta rungume jakarta, ko motsi ba ta yi ba.

"Ya jira," ta ce. "Direba, mu je. Sai mun ga ƙarshen hanyar nan."

Awa ɗaya da rabi muka makara ɗaurin aurenmu, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.